WAHALAR JIRGIN SAMA A ƘASA AKE ƘULLA TA

Jama'a, akwai wata nasiha da ta yi yawa a zamanin nan, wadda ake yi wa duk mai niyyar hawa jirgin sama. A ce masa ya zo filin jirgi da wuri, ya sa tufafi masu sakewa, ya riƙe ɗan matashin wuya, ya tauna cingam, ya sha ruwa da yawa, sa'an nan a rufe da babbar magana, a ce ya yi haƙuri. Ba mu ce nasihar nan ƙarya ce ba. Amma ku duba da kyau, za ku ga dukanta a kan mutum guda take sauka, watau wanda ya biya kuɗi. Wanda ya karɓi kuɗin kuwa ba mai ce masa uffan. To, yau shi muke so mu yi wa magana, domin mun auna wahalar tafiyar jirgi, mun ga kaɗan ce daga cikinta take samun mutum a sararin sama. Mafi yawanta a ƙasa ake ƙulla ta, kuma masu cin albashi ne suke ƙulla ta.

Kada wani ya ce wannan maganar masu kuɗi ce, ina ruwan talaka da jirgin sama. Da ruwansa mana. Ɗan Kantin Kwari da zai tafi sarin yadi a Dubai ko ƙasar Sin da jarin mutane a aljihunsa, da tsohuwar da ta shekara ashirin tana kiwon awaki don ta sauke farali, da majiyyacin da aka sayar da gona aka nufi asibitin Alƙahira da shi, da wanda tsoron masu satar mutane a hanyar mota ya sa ya ranci kuɗin tikiti, duk waɗannan namu ne. Su ne kuwa suka fi kowa shan wulaƙanci a filin jirgi, don ba su da wanda za su buga wa waya.

ABIN DA YAKE NA SAMA

Bari mu fara sallamar abin da yake na sama, don kada a ce mun ɓoye shi. In jirgi ya yi nisa, iskar da ke cikinsa daidai take da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kuma nauyinta yana sauyawa wajen tashi da wajen sauka, shi ya sa kunne yake toshewa. Maganinsa haɗiyar yawu ko hamma, jariri kuwa a ba shi nono. Iskar nan busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, sai a yawaita shan ruwa. Wanda ya zauna wuri guda fiye da awa 4 jini yana iya daskare masa a jijiyar ƙafa, tun ba tsofaffi da masu juna biyu ba, saboda haka a riƙa motsa ƙafa, a tashi a taka in an ba da dama. Girgizar da jirgi kan yi gargada ce ta iska, wanda ya ɗaura bel ya huta da ita. Mai shan magani kullum ya riƙe shi a jakar hannu, kada ya sa a babban akwati. Shi ke nan fa. Ga dukan wahalar sama a cikin 'yan layuka, kuma ba wadda maganinta ya kai kuɗin goro.

ABIN DA YAKE NA ƘASA

Yanzu ku zo mu ƙirga ta ƙasa. An rubuta wa mutum a tikiti ƙarfe 9 na safe. Ya yi sammako, ya biya ɗan tasi, ya bi layi, ya zauna. Ƙarfe 9 ta wuce, 11 ta wuce, azahar ta yi, ba wanda ya fito ya ce ga abin da ake ciki. In an yi sanarwa, sau da yawa da Turanci ne, ta cikin lasifika mai shaƙewa, a garin da mafi yawan masu zaman jiran Hausa suke ji. Ma'aikacin da ya yi murmushi sa'ad da yake karɓar kuɗi ya ɓace daga kanta. Can da almuru a ce an soke tafiya, kowa ya kama gabansa. Ina baƙo zai kwana? Wa zai biya asarar ɗan kasuwar da jirginsa na biyu ya tashi ya bar shi, ko majiyyacin da ranar ganin likitansa ta wuce? Ba mai amsa.

Wanda ya tsira daga wannan, ga teburori a gabansa, kowane da mai kaki, kowane sai ya buɗe jaka guda ɗin nan da na bayansa ya riga ya buɗe, yana tambaya me aka kawo masa. Wanda ya sa kwat ya wuce. Mai riga da hula da jakar Ghana-mas-go shi ake tsayarwa, don an san bai san abin da doka ta hana da abin da ba ta hana ba, kuma yana tsoron jirgi ya tashi ya bar shi. Sai ya miƙa, ba don ya yi laifi ba.

Alhazai kuwa nasu ya fi na kowa. A kira mutanen ƙaramar hukuma guda sansani tun jirgi bai tabbata ba, tsofaffi su kwana biyu, uku a kan tabarma, ga sauro, ga layin banɗaki, guzurin da aka tanada don Makka a fara cinsa tun a gida. A komowa kuma a sake wani zaman jiran. Tafiyar Kano zuwa Jidda a sama ba ta wuce wajen awa 5 ba, sai dai in an yi zagaye, kamar yadda aka yi a 2023 da yaƙi ya rufe sararin Sudan. To, ina dalilin tafiyar awa 5 ta ci wa mutum kwana uku a ƙasa?

Kullum aka yi wannan kuka sai wani ya ce kakanninmu da ƙafa suka je Makka, ta Chadi da Sudan, suka shekara a hanya ba su yi ƙorafi ba. Gaskiya ne, Allah Ya jiƙansu. Amma wanda ya tafi da ƙafa bai ba kowa kuɗin jirgi ba. Alhajin 2025 ya biya fiye da naira miliyan 8. Na 2024 ya gama biya, sa'an nan aka ce ya ƙaro kusan miliyan 2 cikin 'yan kwanaki, ko ya rasa kujera. Wanda aka karɓi irin wannan dukiya a hannunsa ba bara ya zo yi ba, ciniki ya yi.

Kada kuma a ce mana sabon abu ne, ana koyo. Jiragen sama na farko da suka sauka a Nijeriya a Kano suka sauka, guda uku na sojan Ingila, ran 1 ga Nuwamba 1925. A 1936 aka fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Shekara ɗari ke nan muna ganin jirgi. Almajirin da ya shekara ɗari bai iya baƙi ba, ba koyo yake yi ba.

DOKA TANA NAN, AN SA TA A ALJIHU

Abin da zai ba ku mamaki, 'yan'uwa, shi ne mafi yawan abin da muke nema an riga an rubuta shi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, watau NCAA, tana da ƙa'idodi, kuma Kashi na 19 daga cikinsu kan haƙƙin fasinja ne kaɗai. An sabunta su a 2023. Ga abin da suka tanada ga tafiyar cikin gida, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba:

In lokacin tashi ya wuce, tilas kamfani ya gaya wa fasinja dalili cikin minti 30.

In jinkiri ya kai awa 2, a ba shi abin sha da abin taɓawa, da hanyar da zai sanar da mutanensa, duk kyauta.

In ya kai awa 3, yana da iko ya ce ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa.

In jira ya kai shi tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, a ba shi masauki da motar kai shi da komo da shi.

In ya wuce awa 6, akwai diyya ta kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti, sai fa in kamfani ya nuna abin da ya fi ƙarfinsa ne ya jawo.

In an sayar da kujeru fiye da na cikin jirgi, sai an fara neman wanda zai haƙura don kansa a ba shi wani abu, kafin a hana wani shiga, wanda aka hana kuma yana da diyya.

Wanda ya biya da tsabar kuɗi, a mayar masa nan take. Wanda ya biya ta banki ko kati, cikin kwana 14.

Ga 'yan kasuwa masu fita waje kuma akwai yarjejeniyar ƙasashe da aka ƙulla a birnin Mantiriyal na Kanada a 1999, wadda Nijeriya ta sa a cikin dokarta. In akwati ya lalace, a rubuta ƙorafi cikin kwana 7. In ya makara, cikin kwana 21 daga ranar da ya zo hannu. Iyakar abin da ake biya, tun daga ƙarshen 2024, wajen dala 2,000 ne ga mutum guda, kuma sai ka nuna shaidar asararka. Wanda kayansa suka fi haka daraja yana iya faɗin darajarsu wajen awo, ya biya ɗan ƙari, iyakar ta ɗaga. Mutum nawa ne a Kwari da Sabon Gari aka taɓa gaya wa wannan? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma akwai masu cin abinci a cikin duhun nan.

Ba kyauta muke roƙo ba. A cikin kowane tikiti ana cire kashi 5 cikin 100 don hukumar nan da 'yan'uwanta, ban da kuɗin hidimar fasinja da ake biya saboda filin jirgi. Kujerar da babu, da fankar da ta mutu, da banɗakin da ba ruwa, duk mun biya kuɗinsu tun kafin mu iso. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Alƙaluman hukumar ita kanta sun nuna kusan rabin tashin jiragen cikin gida na 2024 sun makara. A ƙarshen shekarar ta ce ta ɗauki mataki a kan kamfanoni biyar saboda danne haƙƙin fasinja. Madalla. Amma bulala biyar a shekarar da dubban jirage suka makara, wa za ta tsorata?

ƘOFA BIYU

To, me ya sa doka tana nan amma ba ta aiki? Dalilin a fili yake. Filin jirgi ƙofa biyu gare shi. Akwai wadda muke bi, akwai wadda masu yin doka suke bi. Su ba su san layi ba, wani ne yake kai musu fasfo a buga. Ba su san ɗakin jiranmu ba, nasu daban ne, da sanyi da shayi. In babba zai tashi ko zai sauka, sai a tsayar da sauran jirage, ɗaruruwan mutane su yi ta zufa har ya wuce. Har kuɗin shiga ƙofar filin jirgi, wanda ɗan tasi yake biya kullum, manya da yawa ba sa biya, sai a watan Mayu 2024 ne Majalisar Zartarwa ta ce kowa ya biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin ba, yaushe zai nemi jinka?

Ku tuna abin da ya faru a watan Agusta 2025. A Abuja wani shahararren mawaƙi ya tsaya a gaban jirgi yana hana shi tafiya. Bayan 'yan kwanaki, wata mata da ba kowa ba ta yi rigima da ma'aikatan jirgi a tafiyar Uyo zuwa Ikko. Ba mu goyi bayan ko ɗaya ba, dukan ma'aikaci laifi ne, tare jirgi ma laifi ne, kuma shi ne ya fi hatsari. Amma ita, kafin a ce kwabo an kai ta kotu, ta kwana a gidan yarin Kirikiri, an ce ba ta sake hawa jirgi har abada. Shi kuwa gida ya kwana. Sai da jama'a suka yi ca sa'an nan aka sake ta, shi kuma aka rage masa horo zuwa wata guda, har aka yi maganar naɗa shi jakadan kiyaye dokar filin jirgi. Doka guda, mudu biyu.

Kamfanin jirgin ƙasarmu, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya mutu a 2003 da bashi a wuyansa. Habasha kuwa, da ta fara nata a 1946, har yanzu na gwamnati ne, kuma shi ne mafi girma a Afirka, shi yake kwasar 'yan kasuwarmu. A 2018 aka nuna mana tambarin sabon kamfani a bikin jirage na Ingila. Ran 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi Abuja da fentin Nigeria Air, aka yi hotuna. Ashe na Habasha ne aka yi haya, bayan biki ya koma gida. A 2024 kuma aka sami kuɗin ƙara wani babban jirgi ƙirar Airbus cikin jiragen fadar shugaban ƙasa. Ashe in jin daɗin tafiyar manya ne, ba a rasa dabara.

AMSAR MASU KARE SU

Za su ce hazo ne, man jirgi ya yi tsada, dala ta hau, kayan gyara daga waje ake sayowa. Mun ji, kuma wasu daga ciki gaskiya ne. Mu ma a kasuwa muke, mun san abin da dala ta yi wa jari. Amma ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗin dila goma ya kawo biyar, ba ya cewa dala ce, ya riƙe sauran kuɗin. In ya yi haka sunansa ya ɓaci a layi. Kamfanin da ke da jirgi uku ya sayar da tikitin tafiyar jirgi shida, wannan ba hazo ba ne, haɗama ce.

Kuma a fahimce mu sarai: ba mu ce a tashi cikin hatsari don kada mu makara ba. Mun san kuɗin gaggawa. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ya faɗi wajen sauka a Kano cikin mugun yanayi, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgin alhazai da ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato ya kama wuta, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu, bincike kuwa ya nuna tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an sani, aka ƙi tsayawa a cika don gudun makara. Saboda haka in matuƙi ya ce ba ya tashi, mun ɗaga masa hula. Amma hazo bai hana a fito a gaya wa mutane gaskiya ba. Hazo bai shanye ruwan da za a ba tsohuwa ba, bai kuma kulle asusun da za a mayar wa mutum kuɗinsa ba. Hunturu ba baƙo ba ne, kowace shekara yana zuwa a lokacinsa, mai hankali yakan shirya masa.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun dokar da suka yi a 2004, wanda aka soke masa tafiya ko aka makarar da shi awa 3 da laifin kamfani yana karɓar yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya. A Amurka, a 2024, aka ce kuɗin wanda aka soke wa tafiya ya koma masa ko bai nema ba. Ba don kamfanoninsu sun fi namu tausayi ba ne. An sa wulaƙanta fasinja ya fi kyautata masa tsada, shi ke nan.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, a rubuta haƙƙin fasinja da Hausa, boko da ajami, da manyan baƙaƙe, a kafa a kowane filin jirgi na Arewa da kowane sansanin alhazai, kowace sanarwa kuma a maimaita ta da Hausa.

Na biyu, kuɗin tafiyar da aka soke da diyyar makara su koma wa mai su ba sai ya bi ofis ofis ba.

Na uku, kowane wata a karanta a rediyo yawan makarar kowane kamfani da tarar da aka ci shi, don mai sayen tikiti ya san inda zai kai kuɗinsa.

Na huɗu, tebur guda na binciken kaya, da na'ura, kowane ma'aikaci da sunansa a ƙirji, wanda aka kama yana roƙo a kore shi a faɗi sunansa.

Na biyar, kada a kira alhaji sansani sai jirginsa ya tabbata, in kuwa ya kwana, ci da shansa da maganinsa a wuyan wanda ya kira shi.

Na shida, wanda shi ne uwar sauran, minista da ɗan majalisa da shugaban hukuma su bi ƙofar da muke bi, su zauna a bencin da muke zama. Ran da aka yi haka, ba sai mun sake roƙon biyar ɗin farko ba.

Kafin nan, 'yan'uwa, ga namu aikin. Kada ka yar da tikiti, da katin shiga jirgi, da 'yar takardar da ake manna wa akwati, su ne shaidarka. Rubuta lokacin da aka ce za a tashi da lokacin da aka tashi. In kayanka ba su fito ba, kada ka bar filin jirgi sai an cika maka takardar rahoto. Nemi jami'in kare haƙƙin fasinja na hukumar NCAA, ka kai ƙara a rubuce, ka riƙe kwafi. Kada ka zagi yarinyar da ke kanta, balle ka ɗaga hannu, ita ma 'yar talaka ce, kuma da zarar ka yi haka an sami abin da za a rufe laifin kamfani da shi. Kada kuma ka tafi kai kaɗai. Ƙungiyoyin kasuwa su sa mutum guda mai karatu ya riƙa tattara irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, a kai su a dunƙule, domin takarda guda ana iya sa ta a ƙarƙashin tebur, amma ɗari biyu da hatimin kasuwa ba su shiga aljihu.

An ce mahaƙurci mawadaci, ba mu musa ba. Haƙuri da abin da Allah Ya saukar wajibi ne. Amma haƙuri da abin da mutum ɗan'uwanka ya ƙulla maka bayan ya ci kuɗinka, wannan shi kake wadatarwa, ba kanka ba. Wanda ya iya biyan kuɗin kujera ya iya tambayar haƙƙin kujerar. Mu tambaya, da ladabi, da takarda, kuma da yawa.